Cutar Lyme: Ba Lallai Ne Tabon Cizon Kaska Ya Fito Ja A Kan Baƙar Fata Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu game da wata cuta da ba a cika jin sunanta a shafukan lafiya na Hausa ba, wato cutar Lyme, wadda ake ɗauka ta hanyar cizon wata irin kaska a Amurka da Kanada da Turai da wasu sassan Asiya. Jaridar nan ana karanta ta a intanet daga ko'ina, kuma cikin masu karatunta akwai ɗalibai da ma'aikata da iyalai da ke zaune a waɗancan ƙasashe, akwai kuma masu zuwa ziyara su dawo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, cutar tana da sauƙin magani ƙwarai idan aka gane ta a makonnin farko, amma babbar alamar da ake gane ta da ita an siffanta ta ne bisa yadda take fitowa a jikin farar fata, saboda haka mu masu baƙar fata mun fi shiga haɗarin a makara kafin a gane abin da ke damunmu.

Cutar ta samo sunanta daga garin Lyme da ke jihar Konetikat ta Amurka. A shekarar 1975 wasu iyaye mata na yankin, ciki har da Polly Murray, suka kai kuka ga hukumar lafiya ta jihar cewa yara da yawa a unguwanninsu suna fama da kumburin gwiwa da ciwon gaɓoɓi irin wanda ba a saba gani a jikin yara da wannan yawa ba. Likita Allen Steere na Jami'ar Yale ya bi diddigin lamarin, ya tattara bayanan yara 39 da manya 12, ya kuma lura cewa ciwon ya fi tasowa a watannin zafi kuma a gidajen da ke bakin kurmi. A 1981 ne Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ciwon a cikin hanjin kaska, aka sa mata suna Borrelia burgdorferi don girmama shi. Tun kafin nan, a 1909, wani likitan fata ɗan ƙasar Siwidin mai suna Arvid Afzelius ya riga ya bayyana tabon da ke faɗaɗa bayan cizon kaska. A yau Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, tana ƙiyasin cewa mutum kusan 476,000 ake yi wa maganin wannan cuta kowace shekara a ƙasar kaɗai.

Ba kowace kaska ce ke ɗauke da ita ba, kuma wannan yana da muhimmanci don kada a tayar wa mutane hankali a banza. Masu yaɗa ta ƙananan kaska ne na dangin Ixodes, waɗanda suka yi yawa a arewa maso gabashin Amurka, kamar jihohin Niyok da Fensilbeniya da Konetikat, da kuma Wiskonsin da Minesota, sai kudancin Kanada, sai tsakiyar Turai da arewacinta, irin su Jamus da Ostiriya da Sloveniya da Siwidin, da wasu yankunan Birtaniya. Kaskar tana ɗaukar ƙwayar cutar ne daga jinin ɓeraye da tsuntsaye lokacin da take ƙarama, ta kuma zuba ta a jikin wanda ta ciza daga baya. Ba ta tashi sama, ba ta tsalle. Tana maƙale a kan doguwar ciyawa ko ƙananan itatuwa ko cikin busasshen ganyen da ya zube, tana jiran mai wucewa ya goge ta. Don haka ba sai an shiga ƙungurmin daji ba, lambun bayan gida ko wurin shaƙatawa na cikin gari mai ciyayi ya isa. Wadda ta fi yin ɓarna ita ce 'yar matashiyar kaskar, wadda girmanta bai kai milimita 2 ba, kamar ɗigon da bakin alƙalami ya bari a takarda, kuma ta fi yawa daga watan Mayu zuwa Yuli. Cizonta ba shi da zafi, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka kamu ba sa tuna cewa wani abu ya taɓa cizonsu. Cutar ba ta bin iska, kuma mutum ba ya ɗaukarta daga mutum ta hanyar gaisawa ko zama tare.

Akwai wani sauƙi da Allah ya sanya a cikin lamarin, wato ƙwayar cutar ba ta shiga jini nan take. Tana zaune ne a hanjin kaskar, sai kaskar ta jima tana shan jini sannan ƙwayar ta taso zuwa yawunta ta shiga jikin mutum. A Amurka, galibi sai kaskar ta wuce awa 24 a maƙale, haɗarin kuma ya fi ƙaruwa bayan awa 36 zuwa 48, kodayake irin ta Turai tana iya zubawa cikin lokacin da bai kai haka ba. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya duba jikinsa da yammacin ranar da ya shiga ciyayi ya cire kaskar, ya rage haɗarin sosai. Wuraren da take son ɓuya su ne hammata, da matsematsi, da bayan gwiwa, da cibiya, da ƙugu inda wando ke ɗaurewa, da bayan kunne, da cikin gashin kai, musamman a jikin yara. A kan baƙar fata ido kaɗai ba ya wadatarwa, domin kaskar ita ma baƙa-baƙa ce, saboda haka a haɗa da shafawa da hannu, duk wani ɗan tudu da ba a san da shi ba a haska shi da fitila a duba.

Idan an same ta, yadda ake cire ta yana da ƙa'ida. A sami matsefata mai siririn baki, a kama kaskar dab da fata, wato ta wajen kanta, a ja ta sama a hankali da ƙarfi iri ɗaya, ba tare da murɗawa ko fizga ba. Kada a matse cikinta, kada a ɗana mata ashana, kada a shafa mata basilin ko kananzir ko jan farce da nufin ta saki da kanta, domin duk waɗannan ɓata lokaci ne, kuma lokacin shi ne abin da ake tsere da shi. In bakinta ya karye ya saura a fata kuma ya ƙi fita da sauƙi, a bar shi, fatar za ta fitar da shi yayin da take warkewa. Sai a wanke wurin da sabulu da ruwa ko a goge shi da sifirit, a rubuta ranar da aka cire ta da wurin da take a jiki, a kuma ɗauki hotonta da waya ko a adana ta a cikin leda mai rufewa don likita ya gane irinta. A Amurka, idan an tabbatar kaskar ta dangin nan ce, ta kai awa 36 a jiki, kuma abin ya faru a yankin da cutar ta yi yawa, likita yana iya ba baligi maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna doksisaikilin miligiram 200 sau ɗaya tak a matsayin kariya, da sharaɗin a sha shi cikin awa 72 da cire kaskar. Wasu ƙasashen Turai ba su ɗauki wannan tsari ba, sun fi son a sa ido a kan wurin cizon har wata guda.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato tabon. Cikin mutum goma da suka kamu, bakwai zuwa takwas sukan fitar da wani tabo a daidai wurin cizon, tsakanin kwana 3 zuwa 30, galibi wajen mako guda. Siffarsa ta musamman ita ce faɗaɗawa: yana farawa ƙarami, kullum yana ƙara buɗewa, har ya wuce santimita 5, wani lokaci ya kai santimita 30. Yawanci ba ya ƙaiƙayi sosai kuma ba ya ciwo, sai dai a ji shi da ɗumi idan an taɓa. Wannan ya bambanta shi da ɗan kumburin da kan fito a ranar cizon ko washegari, wanda ƙarami ne, yana ƙaiƙayi, kuma yakan baje cikin kwana biyu ba tare da ya girma ba. Hotunan da aka fi yaɗawa suna nuna ja jawur da zobe a cikin zobe, tsakiyar ta yi haske, amma ko a jikin Turawa da yawa daga cikin tabon ba sa yin wannan zoben, faifai guda ne mai launi ɗaya. A jikinmu kuwa jan ba lallai ne ya fito ba sam. Abin da ake gani yakan zama wani fili da ya fi sauran fatar duhu, ko ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ko shunayya-shunayya, har mutum ya ɗauka bugewa ya yi jini ya kwanta, ko ya ce makero ne ya nemi man shafawa. Makero kuwa yana da ɓawo-ɓawo a gefensa kuma yana ƙaiƙayi, tabon Lyme kuma galibi sumul yake.

Wannan bambancin launi ba ƙaramin abu ba ne, domin yana da sakamako a asibiti. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan bayanan tsofaffin da ke ƙarƙashin inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na baƙaƙen fatar da aka gano suna da cutar, an gano su ne bayan ta riga ta taɓa jijiyoyi, alhali a cikin fararen fata adadin bai wuce ɗaya cikin goma ba. A ganina babban dalilin a fili yake: likitan da ya yi karatu da hotunan fata iri ɗaya yana iya kallon tabon a jikinmu bai gan shi ba, shi ma mai jikin ya karanta cewa ja ake nema, bai ga ja ba, sai ya kwantar da hankalinsa. Saboda haka ina ba da shawara ga duk wanda ya ga wani fili a fatarsa da launinsa ya sauya bayan ya shiga ciyayi a waɗancan ƙasashe, ya zagaye gefensa da biro, ya ɗauki hotonsa a hasken rana, ya sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan ya tsallake layin biron, to ya tafi wurin likita ya faɗi da bakinsa cewa yana zargin cutar Lyme, ya nuna hotunan, kada ya jira sai likitan ya kawo maganar. Ba rashin ladabi ba ne mara lafiya ya ambaci abin da yake tsoro, kuma likitan kirki zai ji daɗin samun wannan bayani.

Tare da tabon, ko ma ba tare da shi ba, akan sami zazzaɓi da jin sanyi da ciwon kai da kasala mai nauyi da ciwon jiki da kaluluwa, amma ba kasafai ake samun tari ko majina ba. Zazzaɓi irin wannan a tsakiyar lokacin zafi, babu mura tare da shi, abin lura ne. Matafiyin da ya dawo daga Amurka ko Turai da waɗannan alamu zuwa ƙasar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, abu na farko da zai zo a ransa da ran mai duba shi shi ne maleriya, kuma daidai ne a gwada ta, domin ita tana kisa da sauri. Amma magungunan maleriya da aka saba bayarwa ba sa kashe ƙwayar Lyme, kuma zazzaɓin da tabon sukan lafa da kansu bayan 'yan makonni, sai a zaci an warke alhali ƙwayar ta bi jini ta bazu. Don haka wajibi ne matafiyi ya gaya wa likita ƙasar da ya je, da watan da ya je, da ko ya shiga kurmi ko ciyayi. Ya kamata ma'aikatan ɗakin gwaji su ma su san cewa kaskar nan tana iya zuba wata ƙwayar dabam mai suna Babesia, wadda take shiga jajayen ƙwayoyin jini kuma a ƙarƙashin madubin likita tana kama da ta maleriya ƙwarai.

Idan ba a yi magani ba, bayan makonni ko 'yan watanni cutar tana iya fitowa ta fuskoki da dama. Wani sai tabo ya feso masa a wurare da yawa nesa da inda aka cije shi. Wani sai ɓarin fuskarsa ya shanye, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, wani lokaci ma ɓangarorin biyu duka. Wani kuma ciwon kai mai tsanani ne da sanƙarewar wuya, ko zogi da mutuwar jiki a hannu ko ƙafa wanda ya fi tsananta da dare. Akwai kaɗan da take taɓa wa zuciya, ta rikita saƙon da ke daidaita bugunta, sai mutum ya riƙa jin jiri da faɗuwar gaba da ƙarancin numfashi, har ya suma. Wannan na ƙarshe ba a kwana da shi a gida, sashen gaggawa ake nufa, domin an sami waɗanda suka rasa rayukansu ta wannan hanya kodayake ba su da yawa. Can bayan watanni kuma sai kumburin gaɓa ya zo, galibi gwiwa guda, ta cika da ruwa ta yi suntum, ta sace, ta sake dawowa. Cikin marasa lafiyar da Steere ya bi ba tare da an yi musu magani ba, kusan kashi 60 cikin ɗari sun kai ga wannan mataki.

Game da gwajin jini akwai rashin fahimta da ke cutar da mutane ta hanyoyi biyu. Gwajin da ake yi ba ƙwayar cutar yake nema ba, yana neman garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta ne, kuma jiki yana ɗaukar makonni kafin ya haɗa ta. Saboda haka wanda aka gwada a makon farko ko na biyu yana iya samun sakamako mai cewa ba shi da komai alhali yana da ita. Shi ya sa ƙa'idar likitoci a Amurka da Birtaniya ta ce idan an ga tabon mai faɗaɗawa a jikin wanda ya shiga yankin cutar, a fara magani kawai ba sai an jira gwaji ba. In babu tabo kuma ana zargi, a maimaita gwajin bayan makonni huɗu zuwa shida. Ta ɗaya ɓangaren kuma, garkuwar tana iya zama a jini shekaru bayan an warke sarai, don haka ganinta a gwaji ba hujja ba ce cewa cutar tana nan, kuma ba a auna warkewa da ita.

Maganin kansa ba baƙo ba ne. A matakin farko, ga baligi, doksisaikilin ne na sha, kwana 10 bisa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka fitar a 2020, ko kwana 21 bisa ƙa'idar Birtaniya. Ana kuma amfani da amoksisilin ko sefuroksim na tsawon kwana 14 ko fiye, kuma amoksisilin ake zaɓa wa mai juna biyu, haka ma ƙananan yara a wurare da yawa. Kumburin gwiwa yana buƙatar kwana 28, idan kuma cutar ta kama zuciya da tsanani ko ta shiga ƙwaƙwalwa, akan kwantar da mutum a ba shi seftiriyakson ta jijiya. Mai shan doksisaikilin ya sha shi da ruwa mai yawa, kada ya kwanta nan take don kada ya ƙone masa maƙoshi, ya raba lokacinsa da maganin ƙarin jini da maganin gyambon ciki masu hana shi shiga jiki, ya kuma rage zama cikin rana domin yana sa fata saurin ƙonewa. Wasu sukan ji zazzaɓi da ciwon jiki sun ƙaru a yinin farko na magani, wannan yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ƙuraje masu feshi da kumburin fuska ko sarƙewar numfashi alamar jiki bai karɓi maganin ba ne, sai a koma asibiti nan da nan. Na ambaci sunayen nan ne don mai karatu ya fahimci abin da aka rubuta masa, ba don ya saya ya sha da kansa ba, domin zaɓin magani da adadin kwanaki sun dogara da matakin da cutar ta kai, wanda likita ne zai tantance.

Mafi yawan waɗanda aka yi wa magani da wuri suna warkewa gaba ɗaya. Akwai kaɗan da gajiya da ciwon jiki da raunin tunani ke bin su watanni bayan sun gama magani, kuma wahalarsu gaskiya ce, bai dace a ce musu raki suke yi ba. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Holan sun nuna cewa ci gaba da ɗura musu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na watanni ba ya kawo sauƙi mai ɗorewa, yana ma jawo illa ga hanji da hanta, da shigar wasu ƙwayoyin cuta ta hanyar robar da ake sa wa a jijiya. Ina jin takaicin yadda wasu ke cin kasuwa da halin da waɗannan bayin Allah suke ciki, suna sayar musu da gwaje-gwajen da hukumomi ba su amince da su ba da haɗe-haɗen magunguna masu tsada, har wani lokaci a rufe ido daga ainihin ciwon da ke damun mutum, wanda ƙila wani abu ne dabam mai magani.

Ta fuskar kariya, mai shiga ciyayi ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, ya zaɓi tufafi masu haske don a hango kaskar, ya bi tsakiyar hanya, ya shafa maganin korar ƙwari mai sinadarin DEET a fata, ya fesa wa tufafi da takalma mai sinadarin fametirin. Da ya dawo gida ya yi wanka cikin awa biyu, ya sa busassun tufafin a injin busar da kaya da zafi sosai na minti 10, ya kuma duba karnuka da kyanwoyin gidan in akwai, domin suna shigo da ita. An taɓa samun allurar rigakafi mai suna LYMErix a Amurka daga 1998, amma kamfanin ya janye ta a 2002. Wanda ya taɓa kamuwa ya warke kuma yana iya sake kamuwa idan wata kaskar ta cije shi, don haka duba jiki bayan shiga ciyayi yana kansa kamar kowa.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan shafin lafiya zai taɓo wannan batu, musamman gab da watannin Mayu zuwa Agusta da aka fi tafiye-tafiye kuma kaskar ta fi yawa, a nemi hotunan tabon a kan baƙar fata daga hukumomin lafiya da suka wallafa su, a buga su tare da bayanin likitan fata.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku